Daga Tudun Wada zuwa Shika: Inshorar lafiya, tsofaffin mata da sankarar ƙwan mahaifa

A shekarar 2005 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka sauya yadda mutumin Zariya ke neman magani. A watan Yuni Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS. A watan Nuwamba kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika, bayan shekaru kusan arba'in yana aiki a Tudun Wada da Kaduna da Malumfashi. Ƙwararrun likitoci da manyan na'urori suka yi gaba da Samaru, a kan hanyar Funtuwa. Inshorar kuwa ta nufi ma'aikatan gwamnatin tarayya. Tsohuwar da ke zaune a Tudun Wada, wadda ba ta taɓa karɓar albashi ba, sai asibitin ya yi mata nisa, inshorar kuma ba ta san da zamanta ba.

Turawa ne suka keɓe Tudun Wada, tsakanin Birni da Sabon Gari, domin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba Zage-zagi ba. Asibitin da ke unguwar shi jami'ar ta karɓa a ƙarshen shekarun 1960 don horar da ɗalibanta na likita. A wancan zamani babu wanda ke maganar inshora a Arewa, domin magani a asibitin gwamnati da ɗakunan shan magani na En'e kusan kyauta ne. Baitulmali ke ɗauka, daga haraji da jangali, daga baya kuma kuɗin fetur. Ministan lafiya na Jamhuriya ta Farko, Dakta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa ƙudurin inshora tun 1962, domin Legas kaɗai, amma ƙungiyar likitoci ta yi masa ca, ƙudurin ya mutu.

Faɗuwar farashin fetur ce ta farfaɗo da zancen. Sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, wadda Sani Abacha ya karanta, ta koka cewa asibitoci sun zama wuraren ganin likita kawai, babu magani babu kayan aiki. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da yarjejeniyar Bamako ta 1987 suka tabbatar da sabuwar ƙa'ida: majinyaci ya biya. Daga nan aka shiga zamanin da ake miƙa wa ɗan jinya takarda ya fita waje ya sayo safar hannu da ruwan ƙari. Kwamitoci suka yi ta zama, har gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da Doka mai lamba 35 a 1999, sannan aka ƙara shekara shida kafin a fara aiki da ita.

Tsarin da aka zana na mai albashi ne. A takarda, wurin aiki zai zuba kashi 10 cikin ɗari na ainihin albashi, ma'aikaci kashi 5, a kula da shi da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san wa aka bari a waje: sauran matan, da kuma uwa, wadda ita ce mutum ta farko da ɗa ke ɗauka zuwa asibiti. Ma'aikacin kansa da zarar ya cika shekara 60, ko 35 a bakin aiki, sai ya yi ritaya ya fita daga tsarin, daidai lokacin da jiki ya fara neman gyara. Shi ya sa aka shafe shekaru fiye da goma sha biyar waɗanda ke cikin inshorar ba su kai kashi 10 cikin ɗari na 'yan ƙasa ba, kuma fiye da kashi 70 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa.

Sankarar ƙwan mahaifa ta faɗa daidai cikin wannan giɓi. Ta fi kama matan da suka haura 50, bayan ɗaukewar al'ada. Alamominta ba su da hayaniya: kumburin ciki da ba ya saɓewa, saurin ƙoshi, ciwon mara, yawan fitsari. A gida sai a ce basir ne ko gyambon ciki ko iska, a sha jiƙe-jiƙe na watanni, ga kuma kunyar da ke hana dattijuwa yi wa ɗanta bayanin abin da ya shafi mara. Idan an kama cutar tana cikin ƙwan ba ta fita ba, fiye da tara cikin goma na matan suna wuce shekara biyar. Idan ta bazu a ciki, rabon kan sauka zuwa kamar uku cikin goma, kuma a wannan mataki ake ganin yawancinsu, har a ƙasashe masu arziki.

Mai karatu zai ce ai sai inshora ta riƙa biya wa kowace tsohuwa gwaji duk shekara. Nan ne tarihin ya karkace. A 1981 Robert Bast da abokan aikinsa a Boston suka gano wani sinadari da ke ƙaruwa a jinin masu cutar, wanda ake kira CA-125, aka ɗora masa babban fata. Amurka ta gwada shi tare da hoton mara a kan mata kimanin 78,000. Sakamakon 2011 ya nuna mace-mace ba su ragu ba, sai dai an yi wa mata da yawa tiyatar da ba su buƙata, wasu kuma tiyatar ta bar musu illa. Birtaniya ta bi mata fiye da 200,000 'yan shekara 50 zuwa 74 tun daga 2001, kuma rahoton ƙarshe na 2021 ya ce an ɗan ƙara kama cutar da wuri, amma ba a ceci rayuka ba. Saboda irin wannan hujja ne Medicare, inshorar da gwamnatin Amurka ta kafa wa 'yan shekara 65 zuwa sama a 1965, take biyan gwajin don bibiyar wadda ke jinya, ba ta biya don tantance mai ƙoshin lafiya.

A Arewa gwajin ya fi haka ruɗarwa. Kusan rabin masu cutar a matakin farko jininsu ba ya nuna komai. Sannan ƙarin mahaifa da ciwon hanta da tarin fuka na cikin ciki duk suna ɗaga shi, kuma na ƙarshen nan yakan zo da ruwa a ciki da rama, kamar an tsaga kara da sankara. Ɗakunan gwajin da ke tallata shi cikin jerin binciken shekara-shekara ga mata masu lafiya suna sayar da fargaba ne, ko kwanciyar hankali ta ƙarya. Abin da ya cancanci kuɗin jama'a shi ne binciken macen da ta riga ta zo da alamomi: likita ya duba ta, a yi hoton mara, a auna jinin, in ta kama a yi babban hoton CT, a yi aiki a kai tsokar ɗakin gwaji. Wannan jerin ne ke karya iyali tun kafin a kai ga maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Ko mai katin NHIS, ƙa'idojin shirin sun ɗora masa rabin kuɗin irin wannan babban hoto, bayan jiran lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da shi.

Gyare-gyaren baya-bayan nan sun zo daga wurare dabam-dabam. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na haɗaɗɗen kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jihar Kaduna ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, da dokar 2018. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma ambaci tsofaffi a cikin masu rauni da wani asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu. Karo na farko ke nan da uwar ma'aikaci ta samu gurbi da sunanta a dokar inshorar tarayya, ko da yake gurbi a doka daban, kati a hannu daban. Sai an zuba kuɗi a asusun, an bi unguwa-unguwa an yi rajista.

Akwai kuma Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya, kuma na Shika ne ya wakilci Arewa maso Yamma. An fara shi da sankara uku: ta mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Zaɓin yana da hujja, domin su suka fi yawa, kuma ta bakin mahaifa tana da rigakafi da gwajin da ke aiki. Ta ƙwan mahaifa ba ta cikin ukun, saboda haka matar Tudun Wada da ta hau mota ta isa Shika da kumburarren ciki, 'ya'yanta ne za su yi karo-karon kuɗin hoton farko.