Daga Ngala Zuwa Yerwa: Yadda Gadon Shehun Borno Ya Kafu

Mutumin unguwar Lamisula a Yerwa ba ya bukatar a yi masa kwatancen fadar Shehu. Ranar Sallah yana bin Dandal da ƙafa, algaita na tashi, dawakai sun sha ado, har ya tsaya gaban ƙofar nan ta jan bulo. Sai dai ba kowa ya san cewa Yerwa ba ta zama mazaunin Shehu ba sai a 1907, kuma asalin wannan gadon sarauta muhawara ce tsakanin malamai kan wa ake iya kira kafiri.

A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Goni Muktar suka ci Birnin Gazargamu, hedkwatar Sefawa, gidan sarautar Borno. Mai Ahmad ya tsufa, ya sauka ya bar wa ɗansa Dunama mulki, shi kuwa Dunama ya nemi agajin wani malami da ke Ngala, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wato Shehu Laminu. Malamin ya tara almajiransa da Kanumbu da Larabawan Shuwa, aka ƙwato birnin. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne wasiƙun da ya riƙa aika wa Sakkwato, waɗanda Muhammadu Bello da kansa ya adana a Infaƙul Maisuri. Bai musanta cewa akwai cin hanci da zalunci da tsofaffin al'adu a Borno ba. Abin da ya ce shi ne duk waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mai salla da azumi daga Musulunci, balle ya halatta jininsa. Bello ya mayar da amsa da nasa hujjojin, ba wanda ya sallama, amma dai Borno ta tsaya da ƙafarta. A 1814 al-Kanemi ya gina Kukawa, kuma har ya rasu a 1837 bai yarda a kira shi Mai ba, Shehu kawai.

Ingila ta sha irin wannan rikici tsakanin 'yan addini ɗaya, ta kuma sha shi da ɗaci. Tun da Henry na Takwas ya ɓalle daga Paparoma a 1534, kowane gadon sarauta ya koma tambayar ɗarika. Sarauniya Mary ta ƙona Furotesta kusan 300, an kori James na Biyu a 1688, sannan dokar 1701 ta haramta wa Katolika hawa gado. Su sun kashe wutar ne ta hanyar rufe wa ɓangare guda ƙofa, alhali Shehu Laminu tun farko ƙin rufe ƙofar ya yi.

Masu suka na cewa ai ƙwace ne: an gayyato malami ya taimaka, zuriyarsa ta gaje gida. Gaskiya ne a 1846 Shehu Umar, ɗan al-Kanemi, ya kawo ƙarshen Sefawa, amma Mai Ibrahim ne ya fara gayyato rundunar Wadai ta shigo ƙasarsa, kuma sarkin da ya kira baƙo ya yaƙi talakawansa ya riga ya zubar da rawaninsa. Rigimar Umar da ɗan'uwansa Abdurrahman a 1853 ba ta wuce shekara guda ba. Wasu kuma na cewa Turawa ne suka ƙirƙiro sarautar Yerwa. Ai Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, kuma da Turawan Ingila suka nemi wanda Barebari za su bi, ba su sami kowa ba sai tattaɓa-kunnen al-Kanemi, Abubakar Garbai. Sun tarar da sarautar ne, suka jingina da ita.

A watan Yulin 2012 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam bayan sallar Juma'a kusa da fada, yana neman Shehu Abubakar ibn Umar Garbai, Allah ya tsare shi. Masu kafirta Musulmi sun san gidan da suka nufa. Ya kamata makarantun Borno su sa wasiƙun nan na Shehu Laminu cikin manhaja, a fassara su da Kanuri da Hausa, yaran Lamisula da Shehuri su karanta su tun suna ƙanana.