Ziyarata A Birnin Katsina: Daga Gobarau Zuwa Masanawa

 

Musabbabin wannan rubutu tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini a Islamiyyarmu ta Mairuwa. Cewa ya yi: "Malam, ashe kafin Shehu Usmanu duk Hausawa arna ne?" Na yi shiru na ɗan lokaci, domin yaron ya haddace sunayen halifofin Banu Umayya, amma bai san cewa garin da ake zuwa karɓo takardu a jiharsa ya yi shekaru ɗaruruwa yana karantar da Fiƙihu ba. Laifin namu ne mu malamai. Ni kaina na sha shiga Katsina ban taɓa tsayawa na duba komai ba, don haka da aka yi hutu na shirya takanas na tafi.

Na fara da Hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, wanda masana tarihi ke danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Korau, a ƙarni na 15 na Miladiyya. Shi kuwa Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa, ya yi hijira zuwa Gudu ne a 1804. Ke nan an yi kusan shekara 300 ana kiran salla a wannan wuri kafin jihadi. Shehu mujaddadi ne, ya tarar da Musulunci an gauraya shi da al'adu da zaluncin sarakuna, sai ya tashi gyara. Da na tsaya a gindin hasumiyar na tuna cewa Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka a wannan birni wajajen 1493, kuma Imamu Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha tun daga Masar. I, shi dai Suyuɗin nan na Tafsirin Jalalaini da muke saurare duk watan azumi. Wallahi wannan ya daɗe yana yi mini yawo a zuci.

Daga nan na ratsa lunguna zuwa unguwar Masanawa, wadda ta samo sunanta daga Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Shi ne ya yi sharhin Ishiriniya da na Ishmawi, littattafan da har yau ake biya su a zaurukanmu. Na kuma je maƙabartar Ɗan Marina, inda aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Na yi sallama na yi musu addu'a kamar yadda Sunna ta koyar. Roƙo kuwa ga Allah kaɗai ake yinsa. Wani Bakatsine kuma, Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi, can Alƙahira ya rasu a 1741, kuma sai a jami'a na fara jin sunansa.

Ƙofar 'Yanɗaka, inda Lugga ya shiga a 1903, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wucewa kawai na yi ta gabansu saboda la'asar ta kawo jiki. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ganuwa: a wurare da dama ta zube, gidaje sun cinye gurbinta, sai ƙofofi kawai suka rage.

Da na dawo gida na nuna wa ɗalibin nan hoton Gobarau a wayata, na faɗa masa shekarunta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a tafi da su in an sake hutu. Na yi masa alƙawari, da sharaɗin iyayensu su amince kuma hanya ta yi lafiya, in sha Allahu.