Malamin gona: aikinsa da yadda mai ƙaramar gona zai amfana da shi

Malamin gona jami'i ne da ke kai sakamakon binciken masana ga manomi har cikin gonarsa, ya kuma mayar da koken manomi ga cibiyoyin bincike. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da kadada ɗaya ko biyu a bayan gari, wanda ya bar ta hannun 'yan ƙwadago, shawararsa kan raba tsakanin riba da asarar jari.

Tarihi

Tsarin da aka sani a yau ya samo asali ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Bankin Duniya ya tallafa aka kafa shirye-shiryen bunƙasa noma na ADP a Funtuwa da Gusau da Gombe. Daga shekarun 1980 aka faɗaɗa su zuwa jihohi, aka sami hukumomi irin su KNARDA a Kano. A wancan zamani malami kan ziyarci rukunin manoma duk mako biyu. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ita ce mahaɗa tsakanin masu bincike da malaman, yayin da ƙungiyar Sasakawa ta shigo Najeriya a 1992 da gonakin gwaji.

Abin da yake yi a gona

Yakan fara da duba ƙasa, ko jigawa ce ko fadama, da abin da aka noma a bara. Daga nan sai ya ba da shawara kan irin da ya dace da tsawon daminar yankin, kamar nau'o'in masara na SAMMAZ da cibiyar IAR ta Samaru ta samar.

Yakan nuna tazarar shuka, wadda ga masara aka fi ba da santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin rami. Yakan koyar da binne takin NPK da yuriya maimakon watsawa, domin wanda aka watsa ruwa da rana kan cinye amfaninsa. Haka kuma yakan gane wuta-wuta da tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, ya faɗi maganin da ya dace da adadinsa. Bayan girbi, yakan nuna adana wake a buhun PICS ba tare da sinadari ba.

Yadda za a same shi

Ana tuntuɓar ofishin ADP na shiyya ko sashen noma na ƙaramar hukuma. Malaman sun yi ƙaranci tun bayan da tallafin Bankin Duniya ya ƙare, don haka sun fi saurin amsa kiran ƙungiyar manoma fiye da mutum ɗaya.

Lokacin da ya fi dacewa a gayyace shi shi ne kafin faɗuwar damina, tun ba a sayi iri da taki ba. Ya kamata mai gona ya halarta tare da wanda ke kula masa da ita, domin shi ne zai aiwatar da abin da aka faɗa.