Hanyar zuwa Jami'ar Ahmadu Bello daga Birnin Zariya: Abin da ya kamata ɗalibi ya sani

Duk shekara, idan lokacin neman gurbin karatu ya zo, iyaye da ɗalibai kan yi tururuwa zuwa Zariya domin ganin Jami'ar Ahmadu Bello da idonsu ko halartar jarrabawar tantancewa da ake yi bayan ta JAMB. Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya ce wa direba a kai shi "jami'a" kawai. Jami'ar da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962 tana da harabobi a wurare daban-daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta isa ta sa ɗalibi ya makara har a rufe ƙofar zauren jarrabawa. Saboda haka kafin a hau abin hawa, sai a tabbatar da harabar da tsangayar ɗalibin take.

Harabobin jami'ar

Babbar haraba tana Samaru, a kan hanyar Funtuwa da Sakkwato, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. A nan ne ofisoshin gudanarwa suke a dogon ginin Majalisar Jami'a, wanda ake hangowa tun daga nesa, haka ma Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. Yawancin tsangayoyi a nan suke, kamar na Kimiyya, Injiniya, Ilimi, Fasaha, Nazarin Zamantakewa, Haɗa Magunguna da Likitancin Dabbobi.

Haraba ta biyu tana Kongo, kusa da Tudun Wada da Gyallesu. Ita ce mazaunin Tsangayar Shari'a da ta Harkokin Mulki, kuma ita ce mafi kusa da Birni.

Asibitin Koyarwa kuwa yana Shika, gaba da Samaru, cikin Ƙaramar Hukumar Giwa. Mai neman karatun likita ya lura cewa a Samaru ake farawa, sai a shekarun koyon duba marasa lafiya ake komawa Shika. Makarantar share fage ta jami'ar, wadda aka fi sani da SBRS, a Funtuwa take cikin Jihar Katsina.

Daga cikin ganuwa zuwa Samaru

Tsohon birnin Zazzau yana da ƙofofi da dama, irin su Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona da Ƙofar Jatau, amma Ƙofar Doka ce mafitar mai zuwa jami'a. Wanda ya sauka a wajen dangi kusa da Fada ko Kasuwar Birni sai ya hau Keke Napep zuwa Ƙofar Doka. Daga nan hanya ta ratsa Tudun Wada, ta haye kogin Kubanni, ta kai PZ, mahaɗar da ake rabuwa zuwa Sabon Gari.

Daga PZ sai a nufi Kwangila, inda babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta ta kan gada. Bayan Kwangila akwai Palladan da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda direbobi ke kira "Aviation". Da zarar an wuce ta, Samaru ta kusa, kuma babbar ƙofar jami'a tana hannun hagu. Akwai wata ƙofar a gaba da ake kira North Gate, saboda haka ya kamata fasinja ya faɗi inda zai sauka tun da wuri.

Tafiyar ta haura kilomita goma, kuma sau da yawa sai an sauya abin hawa a PZ ko Kwangila. Shiga bas ko keke na haɗaka ya fi ɗaukar shata sauƙi. Wanda ya zaɓi shata kuma ya daidaita kuɗi kafin ya hau.

Mai zuwa Kongo ba ya buƙatar kaiwa PZ, domin daga Ƙofar Doka ko Tudun Wada keke ɗaya ya wadatar. Mai zuwa Shika kuwa sai ya wuce Samaru, ya ci gaba a kan hanyar Funtuwa.

Masu zuwa daga wasu garuruwa

Wanda ya taso daga Kano ko Kaduna, idan Samaru ya nufa, ya sauka a Kwangila ba sai ya shiga gari ba. Wanda ya fito daga Sakkwato, Gusau ko Funtuwa zai fara cimma Shika, sannan ƙofar jami'a, don haka yana iya sauka kai-tsaye. Jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016 a Rigasa ta Kaduna yake tsayawa, daga nan sai a hau mota zuwa Zariya.

Lokaci da guzuri

Ranakun aiki da safe ne lokacin da aka fi samun ma'aikata a ofis. Ranar Juma'a hanyoyin Birni kan cika gab da sallah, a lokacin Hawan Sallah kuma akan tare hanyoyin da ke kewaye da Fada. Mai jarrabawar safe gara ya kwana a Samaru, ko ya bar Birni da an idar da sallar asuba, domin da sanyin safiya ake kama fara.

Ɗalibi ya riƙe katin shaida, takardar sakamakon JAMB da takardar tantancewa da ya buga daga shafin intanet na jami'a, wadda ke nuna rana da wurin jarrabawa. Harabar Samaru tana da faɗi ƙwarai, saboda haka a tambayi jami'an tsaro na bakin ƙofa hanyar tsangayar da ake nema.

Iyaye kuma su yi hattara da masu tare baƙi suna alƙawarin samo gurbi da kuɗi. Gurbin da jami'a ta bayar yana bayyana ne a shafin JAMB na ɗalibin, kuma duk wani bayani a neme shi daga Ofishin Harkokin Karatu ko ofishin tsangaya.