Sifirin Mota da Hanyar Birnin Gwari

A zamanin da Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ta soma ratsa dajin Kamuku da hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina, sifirin mai falle-falle ne ke ɗauke da nauyinta. A 1970 Range Rover ta zo da naɗaɗɗen sifirin, sa'an nan a 1992 aka soma sa mata jakar iska ta roba a maimakon sifirin ƙarfe. Amma da yake ƙura da ramuka ba su raga wa roba, alhali gareji na da nisa, sai makanikai suka ga maslaha ita ce komawa ga ƙarfe. Haƙiƙa, a daji, juriya ta fi taushi daraja.