Abin da Durɓawa suka shiga ƙasa da shi

A nan Safana, in mutum ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Wanka, likkafani, salla, makara. A sa shi a kabari fuska na duban alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a liƙe da ɗanyar ƙasa, a rufe. Ko zoben azurfa ba ya bin sa. Na taso ina zaton haka ƙasar Katsina ta san binne mamaci tun fil azal.

Durɓi Takusheyi, can wajen Mani gabas da birnin Katsina, ta nuna wani abu daban. Tuddai ne da aka tara bisa kaburburan manya, waɗanda tarihin baka ke dangantawa da sarakunan Durɓawa. Baturen mulki Palmer ya fara tona su a 1907, zamanin Sarki Dikko. A 1992 aka sake tona uku, daga baya aka ɗauki abin da ke ciki har da ƙasarsa zuwa birnin Mainz na Jamus, inda aka riƙa ɓantare shi sannu a hankali. Sai ga 'yan kunnen zinariya, awarwaron hauren giwa da na tagulla, duwatsun ado, da wuri, wanda asalinsa tekun Indiya ne. Har da tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. Masana sun ce tsakanin ƙarni na 13 da na 16 aka yi binnewar. Ka ji fa, tasa ta ratso Sahara a bayan raƙumi, ta ƙare a gefen gawar wani basaraken Katsina!

Rumawan dā, da dokarsu ta hana binne gawa cikin gari, sun jera kaburbura a bakin hanya, suka sassaƙa sunan mamaci da shekarunsa a dutse. Namu ba su rubuta suna ba. Shaidarsu kaɗai ita ce inda kowane abu ya kwanta: wanne ke wuya, wanne ke ƙafa.

Shi ya sa raina ke ɓaci kan mutum-mutumin yumɓun da ake kira na Katsina da na Sakkwato. Masu haƙar dare suka fiddo su, dillalai suka kai Turai, har a shekarar 2000 aka sa su cikin jerin kayan tarihin Afirka da aka fi sacewa. Mafi yawansu an raba su da ramin da suka fito, ba kuma wanda ya rubuta abin da ke kwance kusa da su.