Dimokiritus a Makabarta: Zanen Salvator Rosa na 1651

A shekara ta 1651 mai zane Salvator Rosa ya baje wani babban zane a dandalin Fantiyon da ke birnin Roma, inda masu zane kan nuna aikinsu a lokacin idin Yusufu mai tsarki. Tsayin zanen ya wuce mita 3. A cikinsa wani mutum yana zaune shi kaɗai a tsakanin kaburbura, littafi a cinyarsa, ya yi tagumi. Kewaye da shi akwai ƙoƙon kan mutum, da ƙasusuwan dabbobi, da gumaka, da itatuwan da suka kakkarye. Mutumin shi ne Dimokiritus, masanin falsafa na Helenawa. Zanen yana Kofanhegan ta ƙasar Denmak a yau.

Domin mu gane abin da Rosa ya yi, sai mun san yadda aka saba ganin Dimokiritus. An haife shi a Abdera wajen shekara 460 kafin haihuwar Almasihu. Ya koyar cewa dukan abin da ke akwai ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa rabuwa, suna yawo a sarari, su haɗu su zama abu, su watse abin ya ƙare. Har ran mutum ma haka yake a ganinsa. Abikuriyawan da suka yi muhawara da Manzo Bulus a Atina (Ayyukan Manzanni 17:18) magada ne na wannan koyarwa, kuma mun tuna cewa maganar tashin matattu ce ta watsa taron nan. Amma a Turai ba don ƙwayoyi aka fi tunawa da shi ba. An san shi da dariya. Marubutan Roma na dā sun ce wautar mutane takan sa Hirakilitus kuka, shi kuwa Dimokiritus dariya take ba shi. Seneka ya goyi bayan mai dariyar. Masu zane da yawa sun bi wannan al'ada, suna nuna shi yana dariya a gaban ƙwallon duniya.

Rosa ya ɗauke dariyar. Akwai tsohon labari a cikin wasiƙun da aka jingina wa likita Hifokiratis, cewa mutanen Abdera sun zaci Dimokiritus ya haukace, suka kira likita, ya same shi yana feɗe dabbobi yana neman tushen hauka, ya kuma yanke cewa ya fi su duka hankali. Daga nan gawawwakin dabbobin suka shigo zanen. Sai dai Rosa ya mai da wurin bincike ya zama makabarta. Da ya sake yin hoton a kan farantin tagulla domin a buga shi a takarda wajen 1662, ya sa rubutu da Latin a ƙasa, ma'anarsa ita ce mai yi wa kome ba'a ya tsaya cik a gaban ƙarshen kome.

Me ya kai mai zane a birnin Paparoma ga yin wa'azin mutuwa ta bakin wanda bai san Almasihu ba? Dalili ɗaya na kasuwa ne. An haifi Rosa a 1615 kusa da Nafoli, birnin da Ribera, mutumin Sifen, ya yi suna wajen zana masanan falsafa cikin tsummoki kamar mabarata, manyan mutane kuma suna saye. Rosa ya fara suna da ƙananan zanen daji da na yaƙi, abin da ya raina, yana so a san shi da manyan batutuwa. Dalili na biyu ya fi zurfi. Tun da Justus Lipsius ya buga littafinsa a kan jimrewa a 1584, koyarwar Sitokiyawa ta sake samun shiga a wurin masu ilimi, Katolika da Furotesta duka. Zamani ne na yaƙe-yaƙen addini da annoba, mutane suna neman abin da zai riƙe zuciya, suka ga Seneka yana maganar haƙuri da raina dukiya kusan da harshen Ikkilisiya. Rosa ya sha wannan ruwa sosai a shekarun da ya yi a Filorens, daga 1640 zuwa 1649, cikin abokai mawaƙa da malamai.

A nan ne ya kamata mu dakata mu duba zanen da kyau. Kusan duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Mutum da dabba ƙasa ɗaya suke komawa, mulki da ilimi ba sa hana kabari, Littafin Mai Hadishi ma ya faɗi haka tun da daɗewa. Amma babu gicciye a wurin, babu kabarin da aka buɗe. Mu da muke tsayawa a bakin kabari muna magana, ba wuya mu yi wa'azin Rosa muna zaton na Bulus muke yi. Mu ce duniya ba wurin zama ba ce, kowa zai tafi, a yi haƙuri, mu zauna. Ba wanda zai ce mun yi ƙarya, kuma da Seneka yana cikin masu makoki da ya gyaɗa kai ga kowace kalma. A ganinmu zanen ya fi amfani ga ɗalibin tauhidi ta wannan fuska, domin yana nuna daidai inda hikimar Atina ta ƙare tafiyarta.

Shekara biyar bayan nan aka gwada falsafar a gidan mai zanen kansa. A 1656 annoba ta faɗa wa Nafoli ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Ɗansa Rosalvo, wanda ya haifa da Lukireziya, matar da yake zama da ita ba aure, ya mutu a cikinta, haka ma ɗan'uwansa. A wannan lokaci ya yi zanen da ake kira Raunin Ɗan Adam, wanda ke Kambirij ta Ingila yanzu. Mace tana zaune da yaro a cinya, ƙwarangwal mai fikafikai ya kama hannun yaron yana sa shi rubutu. Kalmomin daga wata tsohuwar waƙar Kirista ta Latin aka ɗauko su, amma abin da ya zaɓa bai wuce maganar zunubi da wahala da mutuwa ba. Wannan karon ba wani dattijon Helenawa ne ke kallon ƙasusuwa daga nesa ba, mutuwar ce ta sa hannu a kan yaro.

Bakinsa bai yi sanyi ba duk da haka. Wajen 1659 ya nuna wani zane inda Sa'a ke zuba dukiya a kan jaki da alade da sauran dabbobi, aka fassara shi a matsayin habaici ga yadda fadar Paparoma Iskandari na Bakwai ke rabon muƙamai, har saura kaɗan a kama shi. A watan Maris na 1673, yana kwance cikin ciwon ajali, ya yarda aka ɗaura masa aure da Lukireziya bayan sun yi shekara wajen talatin tare. Ya rasu ran 15 ga watan, aka binne shi a majami'ar Santa Maria degli Angeli a Roma.